HP EliteDesk 800 G4 SFF a matsayin sabar gida: faifai biyu, wuta kaɗan

Kwamfutar ofis ce da HP ta fitar a 2018, kwance take, kaurinta bai wuce santimita 10 ba. Irinta ce bankuna da kamfanonin Turai da Amurka ke aiki da ita shekara huɗu ko biyar, sannan a tattaro a loda a kwantena, ta ɓullo a Computer Village ta Ikeja ko a shagunan Beirut Road a Kano. Ba don ta zama saba aka ƙera ta ba, wato kwamfutar da ke zama a kunne tana yi wa sauran na'urori hidima ta netwok. Amma ga mai son wuri guda da zai tara bidiyon biki da hotunan iyali da karatuttukan malamai, ya riƙa ajiye kwafin abin da ke cikin wayoyi da laftof na gida, ya kuma kunna wasu 'yan kwamfutoci na gwaji a cikinta, da wuya a samu abin da ya fi ta dacewa da gidan da ke kwana a kan inbata. Tana da iyaka, kuma iyakar a fili take: manyan faifai biyu kawai take ɗauka. Wanda ya yarda da wannan tun farko zai ji daɗinta.

A fara da sunan, domin a nan ake yawan yin kuskure. EliteDesk 800 G4 iri uku ce: Mini mai kamar littafi, SFF ta tsakiya, da Tower mai tsayi. Mini ba ta da gurbin babban faifai ko ɗaya, saboda haka ba ta cikin wannan magana. Akwai kuma ProDesk 400 da 600, waɗanda daga nesa suke kama da ita, mai shago ma zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Abin da ya ɗaga 800 SFF a kan 'yan uwanta, har da Dell OptiPlex 7060 SFF da ake yawan jera su tare, shi ne gurbi biyu na faifai mai inci 3.5. Dell ɗin gurbi ɗaya gare ta, kuma da faifai ɗaya ba a yin madubi, wato faifai biyu su riƙe abu iri ɗaya don idan ɗaya ya mutu ɗayan ya rage.

Murfin ba ya buƙatar sukurudireba. Ka ja makullin da ke baya, ka zame shi, ya fita. Ka cire fuskar gaba, ka ɗaga kejin faifai, sai madabod ya bayyana gaba ɗaya. Ramukan RAM huɗu ne, DDR4-2666, kuma HP ta rubuta cewa suna kai wa 64GB. A ƙarƙashin kejin akwai gurbi biyu na M.2 2280 don NVMe, wato ƙananan SSD masu sauri, ga ƙaramin na uku na katin Wi-Fi. Kafofin SATA uku ne. Ramukan PCIe huɗu ne, dukkansu na gajeren kati: x16 ɗaya, wani mai tsawon x16 amma layi huɗu kawai aka haɗa masa, sai x1 guda biyu. Kafar netwok Intel I219-LM ce mai gigabit ɗaya. Fawa-fak ɗin wat 250 ne, yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Yawancin waɗanda ke kasuwa Core i5-8500 ne a cikinsu, mai ƙwaya shida, kuma shi ya kamata a nema. i7-8700 ya fi shi ƙarfi, sai dai kuɗin da za a ƙara masa ya fi amfani a RAM ko a faifai, tun da sabar gida kusan kullum a zaune take tana jira.

G3 da ta gabace ta ta fi araha, kuma dalilin a bayyane yake: furosesanta na zubi na shida ko na bakwai ne, Windows 11 ba ta karɓarsu a hukumance, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Saba ba ruwanta da wannan, don haka G3 ma za ta yi aiki. Amma i5 ɗinta ƙwaya huɗu ne, gurbin NVMe ɗinta ɗaya ne. Ga mai niyyar kunna VM fiye da ɗaya, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin ta gaske, bambancin kuɗin ya cancanci a biya.

Kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai shago ya jona ta, a danna F10 tana tashi. Idan BIOS, wato shafin saitin madabod da F10 ke buɗewa, ya nemi kalmar sirri kuma babu wanda ya san ta, a ajiye a ɗauki wata, domin duk saitin da za a buƙata a can ciki yake, kuma ba kullum ake iya cire makullin ba. A buɗe murfi a duba kejin faifai yana nan, a ƙirga kawunan wayar wutar SATA. Wannan waya daga madabod take fitowa, ba daga fawa-fak ba, kuma ta HP ce kaɗai, ba a samunta a kowane teburi. Sai notin ɗaure faifai. HP na amfani da wasu notuna masu lamba 6-32 da ke da zoben roba shuɗi a wuyansu, su ne ke zamewa a cikin layin kejin su riƙe faifai, su kuma shanye girgiza. Guda takwas ake buƙata don faifai biyu, kuma kusan kullum babu su a cikin ta hannu, domin wanda ya zare faifan kamfanin da su ya tafi. Idan babu su faifan zai yi ta lilo a ciki, girgiza kuwa tana rage masa kwana. A nemi mai shago ya ciro daga wata mushen kwamfutar, ko a yi odarsu tare da faifan.

Akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo a kan madabod, CR2032. A canza shi ranar farko ko da yana aiki. Batir mai shekara shida ko bakwai yana dab da mutuwa, kuma ranar da ya mutu, da zarar an ɗauke wuta BIOS zai iya mance agogo da saitinsa. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan ɗan abu ne ke raba sabar da ke tashi da kanta da wadda sai an jona mata allo an lallashe ta.

Saitin BIOS ɗin bai da yawa. A ƙarƙashin Advanced, a System Options, a kunna VTx da VTd don aikin VM, a cire alamar da ke kan Configure Storage Controller for RAID don faifai su bayyana kai tsaye. A Boot Options, a mayar da After Power Loss zuwa Power On. A Built-in Device Options akwai Increase Idle Fan Speed, za mu dawo kansa idan an zo maganar zafi.

Tsarin da ya fi dacewa da wannan akwati shi ne NVMe biyu masu 500GB ko 1TB a haɗe madubi, su ɗauki babbar manhaja da VM-VM, sannan manyan faifai biyu su ma a madubi, su ɗauki bidiyo da hotuna da kwafin ajiya. Kafar SATA ta uku a bar ta ga SSD mai inci 2.5 idan buƙata ta taso, a cire na'urar DVD. RAM a fara da 32GB, sanda biyu masu 16GB, a bar ramuka biyu don gaba. Farashin DDR4 ya yi tashin gwauron zabi a 2025, saboda haka idan aka samu wadda ta zo da RAM mai yawa a jikinta, sau da yawa ta fi sauƙi a kan saye daban. Kafin a ɗora komai, a bar MemTest86+ ya kwana yana gwada RAM ɗin. Wannan na'ura ba ta karɓar RAM mai ECC, irin wanda ke gyara kuskurensa da kansa, kuma wannan rashi ne na gaske. Ba zai hana ZFS, tsarin ajiye fayiloli da za mu yi madubin da shi, aiki ba, amma yana nufin sanda mai matsala za ta iya ɓata fayil tun kafin ya isa faifai, ba tare da kowa ya sani ba. Kuskure ɗaya tak a gwajin ya isa a mayar da sandar.

Babban kuɗin yana wurin faifai, babban haɗarin ma a can yake. Faifai iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu, CMR da SMR. Na SMR yana jera layukan rubutu wani a kan gefen wani kamar jinkar kwano, don haka duk lokacin da zai sake rubuta wani wuri sai ya kwashe na maƙwabta ya mayar. A aikin yau da kullum ba a lura. Ranar da faifai ɗaya ya mutu aka sa sabo, ZFS ya fara kwafa masa komai ba tsayawa, sai saurin ya faɗi ƙasa warwas, aikin kwana ɗaya ya koma na kwanaki, wani lokaci ma ZFS ya ɗauka faifan ya mutu ya fitar da shi daga rukunin. A 2020 aka gano WD Red masu 2TB zuwa 6TB da lambarsu ta ƙare da EFAX na SMR ne, bayan an sayar da su a matsayin faifan saba. Daga nan ne kamfanin ya ware na CMR ya kira su Red Plus. Yawancin Seagate BarraCuda na tebur su ma SMR ne. Abin nema shi ne WD Red Plus, Seagate IronWolf ko Toshiba N300, kuma a duba cikakkiyar lambar samfurin a shafin kamfanin, kada a tsaya ga launin takardar da ke jiki. A wannan matsattsen akwati, masu juyi 5400 sun fi masu 7200 dacewa: ba su kai su zafi da ƙara da cin wuta ba, kuma duk da haka sun fi ƙarfin abin da kafar gigabit za ta iya ɗauka.

Faifan da aka ce sabo ne ma sai an bincike shi. Umarnin smartctl -a zai nuna tarihinsa, wanda ake kira SMART. Lamba 9 ita ce awannin da ya yi a kunne. Lamba 5, 197 da 198 su ne wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa, kuma sifili ake so a gani a dukkansu. Sai dai ana iya goge wannan tarihi. A farkon 2025 an bankaɗo faifan Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki, aka share lissafinsu aka sayar a matsayin sababbi a ƙasashe da dama. Faifan Seagate na saba suna da wani kundi na biyu mai suna FARM, wanda smartctl -l farm ke karantawa daga fitowa ta 7.4 zuwa sama. Idan awannin da ke FARM sun saɓa da na lamba 9, an yi wa faifan kwaskwarima. Bayan wannan sai gwajin badblocks -wsv -b 4096, wanda ke rubuta kowane lungu na faifan ya karanta har zagaye huɗu. A faifai mai 8TB yana cin kwana huɗu zuwa biyar, kuma yana shafe duk abin da ke kai, don haka kafin a zuba kaya ake yinsa. A yi yarjejeniya da mai shago cewa akwai mayarwa cikin mako guda, in ba haka ba gwajin zai gaya maka gaskiya ne bayan kuɗinka ya tafi.

Lissafin wuri kuma yana ba mutane mamaki. Faifan da aka rubuta wa 8TB zai bayyana a matsayin kusan 7.3 a cikin manhaja, saboda kamfani da dubu yake ƙirga, kwamfuta kuma da 1024. Biyu a madubi ba 16 ba ne, 7.3 ɗin ne dai. ZFS kuma ya fi sakewa idan bai wuce kashi 80 cikin ɗari a cike ba, ka ga abin da ya rage bai kai 6 ba. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke tara terabait uku ko huɗu a shekara ya yi wannan lissafi da kyau. Idan cikin shekara biyu zai cika, to ya sayi manyan faifai tun yanzu, ko ya haƙura da wannan akwati ya nemi doguwar kwamfuta mai gurbi shida. Akwai masu cusa katin LSI mai ƙara kafofin faifai su zaro wayoyi ta baya zuwa faifan da ke zube a kan tebur. Ba mu goyi bayan haka ba. Katin yana zafi sosai a wurin da iska ba ta ratsawa, yana ƙara kusan wat goma, fawa-fak ɗin kuma ba shi da kawunan da zai ciyar da ƙarin faifai.

Manhajar da ta fi zama daram a kanta ita ce Proxmox VE, babbar manhajar kunna VM-VM, ta wani kamfani da ke Biyana a ƙasar Ostiriya, wadda aka gina a kan Debian. Fitowa ta 9 ta zo a Agustan 2025. Kyauta ce, sai mai son tallafin kamfanin ne ke biya. Wajen sakawa a zaɓi ZFS RAID1 a kan NVMe biyun, a ba ta adireshin IP tsayayye, daga nan duk sauran aiki ta burauza ne a kafa ta 8006. Abu na farko bayan shiga, a sauya ma'ajiyar sabuntawa daga ta masu biya zuwa No-Subscription, in ba haka ba duk sabuntawa zai riƙa tsayawa da kuskure. Tun da saba ɗaya ce tak, a kashe pve-ha-lrm da pve-ha-crm, domin ba su da aikin yi sai yawan rubutu a kan SSD. Manyan faifan a haɗa su da sunayensu na /dev/disk/by-id, kada a yi amfani da sda da sdb da kan iya musanya wuri bayan an sake kunnawa. A sa ashift=12 da compression=lz4, sashen bidiyo kuma a ba shi recordsize=1M.

Ga yadda 32GB ke rabuwa ba tare da matsi ba: 8 ga ZFS, 8 ga VM na Windows idan ana buƙatarsa, 8 ga VM na Linux mai ɗauke da Docker da Immich na hotunan waya, 2 ga Jellyfin na kallon bidiyo, 1 ga Samba mai raba fayiloli ta netwok, 2 ga Proxmox kanta, a bar sauran a matsayin rara. Sababbin fitowar Proxmox suna taƙaita abin da ZFS ke riƙewa a RAM zuwa kashi 10 cikin ɗari, wato 3GB da 'yan kai a nan. Ƙa'idar da su kansu suka bayar ita ce 2GB na tushe da ƙarin 1GB a kan kowane terabait, don haka a ɗaga zfs_arc_max a cikin /etc/modprobe.d/zfs.conf. Mai 16GB zai iya tafiya, amma ya manta da Windows.

Mutane da yawa suna sa TrueNAS, manhajar ajiye da raba fayiloli, a cikin VM su miƙa masa faifan. A wannan na'ura ana iya yi yadda ya kamata, tun da Proxmox a kan NVMe take, ana iya miƙa wa VM ɗin mai sarrafa SATA ɗungurungum ta hanyar VTd. Amma don faifai biyu kacal, ɗawainiyar ta fi amfanin: TrueNAS kaɗai zai riƙe 8GB, kuma duk sauran kwantenoni, wato keɓaɓɓun ɗakunan manhaja da ba su kai VM nauyi ba, sai sun jira ya tashi kafin su ga fayilolinsu. Barin ZFS a hannun Proxmox da ɗora Samba a ƙaramar kwantenar LXC ya fi sauƙin gyara ranar da abu ya lalace. Tarko ɗaya ke nan. Kwantenar da ba ta da cikakken iko tana ƙara 100000 a kan lambar kowane mai amfani, wato mai lamba 1000 a ciki shi ne 101000 a waje. Idan ba a mallaka wa 101000 foldar ba, kwantenar za ta ga fayiloli amma ta kasa rubutu, mutum ya yi ta zargin Samba alhali laifin ba nata ba ne.

Inda wannan tsohon furosesa ya fi burgewa shi ne bidiyo. A cikinsa akwai Intel UHD 630 mai Quick Sync, wanda ke sauya fasalin H.264, HEVC har mai 10-bit, ya kuma karanta VP9, ba tare da ya dami ƙwayoyin furosesa ba. A miƙa wa kwantenar Jellyfin na'urar /dev/dri/renderD128, a daidaita lambar rukunin render, a kunna QSV a saitin Jellyfin. Daga nan mutum uku ko huɗu za su kalli 1080p a lokaci guda, ɗaya a talabijin, sauran a waya, fanka ko ɗaga murya ba za ta yi ba. Ba ya karanta AV1, kuma 4K mai HDR da ake rage wa launi don tsohon allo yana sa shi nishi. Idan aka ga furosesa ya haura kashi 90 da mai kallo ɗaya, Quick Sync bai kama ba, kuma galibi izinin renderD128 ne.

Aibin da ya fi ɓata rai a wannan na'ura yana kafar netwok. I219-LM da direbanta na Linux mai suna e1000e suna da tsohuwar matsala: ana tsakiyar kwafar manyan fayiloli sai netwok ya ɗauke ɗif, sabar na kunne, fanka na juyawa, amma ba a isa gare ta. Idan aka jona allo za a ga layi yana ta maimaituwa, Detected Hardware Unit Hang. Zare waya a mayar yakan dawo da ita na ɗan lokaci. Maganin shi ne a hana katin wani aikin yanka bayanai da yake karɓa daga furosesa: a ƙara post-up ethtool -K eno1 tso off gso off a ƙarƙashin kafar a /etc/network/interfaces, a sa sunan da kafar ta samu idan ba eno1 ba ne. A yi haka tun ranar farko, kada a jira ta faru ana nesa da gida. Gigabit yana ba da kusan 110MB a daƙiƙa, terabait ɗaya zai ci awa biyu da rabi. Mai tace bidiyo kai tsaye daga saba zai so katin 2.5GbE mai Intel I226 a ramin x1, amma ya tabbatar an haɗo masa da gajeren ƙarfen baya. A kuma guji wayar netwok ta CCA, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa. A kankare bakin silin da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, ita ce.

Wuta ce dalilin da ya sa muka fifita wannan akwati a kan tsofaffin sabobin kamfani irin Dell PowerEdge R720, waɗanda arahar su ke jan hankali. R720 tana zaune ba ta komai tana shan wat ɗari ko fiye, ga ƙara kamar injin markaɗe. EliteDesk ba faifai tana wajen wat 10, da manyan faifai biyu suna juyawa kuma tsakanin 20 da 25. A ɗauki 25: yunit 0.6 ke nan a rana, 18 a wata. A layin Band A na Najeriya, inda yunit ya haura naira 200 a 2024, abin ya kama kusan naira 4,000 a wata a farashin wancan lokaci, R720 kuwa ta ninka haka sau huɗu. A kan batir bambancin ya fi fitowa. Saba da rauta tare, a ce wat 35, awa 12 na dare sun ci 420Wh. Batir mai ruwa 12V 200Ah yana da 2,400Wh a rubuce, rabinsa ne kawai ake taɓawa idan ana so ya daɗe, ka ga sabar ta ci kusan sulusin abin da ake da shi. A tuna inbata ita kanta tana shan nata ko ba a jona komai ba, wata babbar ma ta fi sabar ci.

Fawa-fak ɗin yana jure wuta mara ƙarfi, amma irin mai Active PFC ne, ba ya shiri da inbata ko UPS mai fitar da wuta mai tsani-tsani. Alamar ita ce kwamfutar ta mutu ko ta sake tashi daidai lokacin da aka ɗauke wuta, alhali UPS ɗin na kuka yana nuna yana aiki. A nemi mai pure sine wave. Idan inbatar gida ce, a duba saitin shigar wuta: yanayin UPS yana sauyawa cikin kusan millisakan 10, yanayin APL kuma kusan 20, wanda kan yi wa kwamfuta tsawo. ZFS ba ya rikicewa don wuta ta yanke, haka aka gina shi, amma SSD mai araha na iya mutuwa gaba ɗaya, faifai kuma kowace yankewa sai ya fizge kan karatunsa da gaggawa, lamba 192 a SMART tana ƙirga su. UPS mai kafar USB tare da manhajar NUT zai sa sabar ta kashe kanta cikin natsuwa idan batir ya yi ƙasa. A nan ma akwai wani tarko: idan ta kashe kanta, sannan wuta ta dawo kafin UPS ya mutu, a wurinta wuta ba ta taɓa yankewa ba, don haka After Power Loss ba zai tashe ta ba. A saita NUT ya umarci UPS ya yanke fitarsa bayan kashewa, ko a sa Scheduled Power-On a BIOS ya tashe ta kowace safiya. Da damina kuma a tuna tsawa ta wayar netwok ma take shigowa, musamman wadda aka ja ta waje zuwa wani sashe na gida.

Zafi da ƙura su ne abin da injiniyoyin HP ba su yi tunaninsa ba, domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki suka yi wa ita. Fanka biyu ce a ciki, ta furosesa da ta fawa-fak, babu wadda aka keɓe wa faifai. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda bazara ke haura digiri 40, faifai biyu a matse za su iya wuce 50 a ɗakin da ba iska. Kamfanoni sun yarda har 60 ko 65, amma ƙasa da 45 ake so ga faifan da zai yi shekaru. A ɗaga Increase Idle Fan Speed zuwa kashi 30 ko 40, a duba zafin da smartctl da tsakar rana, ba da asuba ba. Idan bai sauka ba a ɗaura ƙaramar fanka mai 80mm kusa da kejin. Kada a sa ta a cikin kabad, kada a ajiye ta a ƙasa. Da hunturu, ƙurar kan taru a haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa ta zama kamar auduga ja, har iska ta daina wucewa. A buɗe duk wata a hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe tun tuni, a goge a sa sabo.

Madubi yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Fayil ɗin da yaro ya goge, ko wanda ƙwayar cutar neman fansa ta kulle daga laftof, a faifan biyu zai lalace lokaci guda. Maganin wannan shi ne snapshot na ZFS, wato hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci da za a iya komawa gare shi, wanda sanoid ke ɗauka da kansa: na kowace awa a riƙe na kwana biyu, na kullum a riƙe na wata guda, na wata-wata a riƙe shida. VM da kwantenoni a sa Proxmox ta kwafe su kowane dare zuwa manyan faifan. Duk wannan a cikin akwati ɗaya yake, idan ɓarawo ko gobara ko tsawa ta zo, an gudu ba a tsira ba. Saboda haka a cikin kasafin a sa faifai na uku na USB, a tura masa da zfs send duk mako ko biyu, a zare shi a kai shago ko gidan ɗan'uwa. Tura terabait biyar zuwa intanet da datar waya ba abin yi ba ne, amma takardun fili, shaidar makaranta da zaɓaɓɓun hotuna ba su wuce 'yan gigabait ba, rclone zai rufe su da kalmar sirri ya tura. Proxmox tana yin scrub ranar Lahadi ta biyu a kowane wata, tana karanta komai don gano ɓarna, amma sai an saita mata imel kafin ta sanar da kowa. Sau ɗaya a wata uku a dawo da VM guda da folda guda daga kwafin, a buɗe a gani da ido.

Shiga sabar daga waje ba ya yiwuwa ta buɗe kafa a rauta ga yawancin masu intanet na layin waya ko Starlink, saboda adireshi ɗaya ake raba wa mutane da yawa ta CGNAT. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta rufaffiyar hanya a intanet, yana tsallake wannan, kuma ya fi aminci a kan fallasa kafa ta 8006 ga duniya. A sa shi a ƙaramar kwantena, a sa a waya, a taƙaita ingancin bidiyo a Jellyfin zuwa megabit 2 ko 3 idan ana waje, domin saurin turawa na layin gida shi ne zai yanke hukunci, ba ƙarfin sabar ba. Na'urar tana da Intel AMT, wanda ke ba da damar ganin allonta da shiga BIOS daga wata kwamfutar ta kafar netwok ta jikinta. Idan za a yi amfani da shi a goge saitin tsohon kamfanin a sa sabuwar kalmar sirri, a toshe ɗan kan DisplayPort na bogi a baya don hoton ya fito. Idan ba za a yi ba, a kashe shi a BIOS.